Manhajar kula da abokan ciniki: Yadda ɗan kasuwa zai ci moriyar kuɗin da yake biya duk wata

Ciniki da yawa da ake ƙullawa yau a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, a cikin waya ake fara shi, a can kuma ake gama shi. Mai saye ya turo saƙon murya ta WhatsApp yana tambayar farashi, yaron kanti ya aika masa da hoton kaya, a daidaita, a turo kuɗi ta Nita ko Amana, a sa kaya a mota.

Abin ya kawo sauƙi, sai dai ya bar ɓaraka. Sunayen masu saye, bashin da ake bin su da alƙawuran da aka yi musu duk sun warwatsu a wayoyin mutum uku ko huɗu. Ranar da aka sace waya, ko yaro ya yi fushi ya bar aiki, wani sashe na kasuwar ya tafi ke nan.

Wannan ɓaraka ce kamfanonin fasaha ke cewa sun zo toshewa da manhajar kula da abokan ciniki, wadda aka fi sani da CRM, masu Faransanci kuma ke kira GRC. Matasa masu sayar da kaya ta intanet, makarantu masu zaman kansu, kamfanonin sufuri da ƴan ci-rani masu juya dukiya daga nesa na cikin waɗanda ake tallata wa ita. Amma abin da ya faru a ƙasashen da suka daɗe da amfani da ita ya nuna cewa biyan kuɗin daban, cin moriyar daban.

Littafin bashi da ya koma intanet

A taƙaice, CRM littafi ne da kowane abokin ciniki ke da shafinsa a ciki: sunansa, lambar wayarsa, garinsu, abin da ya saya da ranar da ya saya, abin da ya rage a kansa, ƙorafin da ya taɓa yi, da ranar da ya kamata a sake tuntuɓar sa. Inda ya ɗara littafin takarda shi ne yana tuna wa mutum abin da ya manta, yana haɗa lissafi da kansa, kuma mutum biyar na iya buɗe shi lokaci guda daga garuruwa biyar.

Idan aka ce manhajar tana kan "gajimare", ana nufin bayanan ba a cikin waya ko kwamfutar kanti suke kwance ba. Suna ajiye a manyan na'urorin kamfanin da ya ƙera manhajar, galibi a wata ƙasa mai nisa, ana isa gare su ta intanet da kalmar sirri. Ko waya ta faɗa rijiya, bayanai na nan.

Shi aikin kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A littafin da ya wallafa a 1986 kan Alhazan Maraɗi, masanin nan ɗan Faransa Emmanuel Grégoire ya nuna yadda manyan ƴan kasuwar birnin suka gina dukiyarsu a kan dangantakar ubangida da barorinsa, da bashin da amana ke riƙe da shi. Alhaji ya san wanda ba ya biya sai kaka ta yi, ya san wanda maganarsa ba ta tashi, ya san wanda za a yi wa uzuri. Duk a kansa yake. Abin da manhajar ke yi shi ne ta fitar da wannan sani daga kan mutum ɗaya, ta ajiye shi inda kasuwar za ta ci gaba da amfani da shi ko ba ya nan.

A shekarun 1990 galibi manyan kamfanoni ne ke iya mallakar irin wannan manhaja, domin sai an sayi na'urori an ɗauki injiniyoyi. Kamfanin Siebel da aka kafa a 1993 shi ke jan ragama a lokacin, kafin Oracle ya saye shi a 2006 kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 6. Lamarin ya fara sauyawa a 1999, lokacin da Marc Benioff da abokansa uku suka kafa Salesforce a wani gidan haya a birnin San Francisco, da tunanin cewa a daina sayar da manhaja, a riƙa ba da hayarta ta intanet ana biya wata-wata.

Daga nan ƙofa ta buɗe wa ƙananan ƴan kasuwa. Kamfanin Zoho na Indiya ya fito da tasa a 2005, HubSpot na Amurka ya fito da ta kyauta a 2014, akwai kuma Odoo na ƙasar Beljiyam. Dukkansu ana samun su da Faransanci. A watan Janairun 2018 aka ƙaddamar da WhatsApp Business, wanda ko da yake bai kai cikakkiyar CRM ba, yana ba da damar sa wa kowace hira alama, a jera hotunan kaya da farashinsu, a kuma tanadi amsoshin da ake yawan maimaitawa.

Tarko huɗu da manyan kamfanoni suka faɗa

A watan Fabrairun 2002, mujallar Harvard Business Review ta buga wani nazari na Darrell Rigby, Frederick Reichheld da Phil Schefter na kamfanin ba da shawara Bain. Sun kawo alƙaluman cibiyar bincike ta Gartner da ke cewa kimanin kashi 55 cikin 100 na ayyukan CRM ba su haifar da ɗa mai ido ba. A wani binciken da aka yi tsakanin manyan shugabannin kamfanoni 451, ɗaya cikin biyar na masu amfani da manhajar ya ce bayan rashin riba, har dangantakarsu da tsofaffin abokan ciniki ta ɓata.

Masanan sun lissafa tarko huɗu. Na farko, sayen manhaja kafin a san abin da ake so a yi da abokan ciniki. Na biyu, ɗora ta a kan ma'aikata ba tare da an sauya yadda suke aiki ba. Na uku, zaton cewa wadda ta fi tsada da yawan maɓallai ita ta fi amfani. Na huɗu, takura wa masu saye da kira da saƙonni har su gaji su gudu.

Fiye da shekaru 20 bayan haka, manhajojin sun yi arha, sun koma cikin waya, amma tarkunan na nan yadda suke. Kamfani mai dubban ma'aikata da kanti mai yara huɗu duk rami ɗaya suke faɗawa.

A fara da tambaya, kafin a nemi manhaja

A ɗauki misalin mai sayar da kayan sola a Maraɗi: faranti, batir da famfon ban-ruwa, da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Kafin ya biya ko dala, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya iya amsawa kowace safiya. Su wa suka tambayi farashi a makon nan ba su saya ba? Su wa ake bi bashi, kuma yaushe wa'adinsu? Su wa suka saba saye amma an kwana biyu ba a gan su ba?

Idan manhajar ta amsa waɗannan uku, ta biya kuɗinta. Sauran abubuwan da ake nunawa a talla na iya jira.

Daga nan sai ya tsara matakan cinikinsa yadda suke a zahiri: mutum ya tambaya, an ba shi farashi, ya ba da kafin alƙalami, an kai kaya an haɗa, ya gama biya. Manhajojin kan zo da nasu matakan da aka tsara don kamfanonin Amurka da Turai, amma ana iya goge su a rubuta na gida. Amfanin hakan shi ne maigida ya ga inda ciniki ke maƙalewa. Idan mutum 30 sun karɓi farashi, uku kacal suka ba da kafin alƙalami, to ko farashin ne matsala, ko kuma ba wanda ke sake kiran su.

Haka ma guraben da ake cikewa. Yaron da aka ce ya cike gurbi 20 a kan kowane mai saye, alhali mutane na tsaye a gabansa, zai daina a mako na biyu. Biyar ko shida sun isa: suna, lamba, gari, abin da yake so, abin da aka yi masa alƙawari, da ranar sake kira.

Ousmane, Usman da Mani duk mutum ɗaya ne

Akwai wata matsala ta musamman a Nijar da masu ƙera manhajar ba su yi tunaninta ba. Suna ɗaya ana rubuta shi ta hanyoyi da dama. Wanda ya yi makarantar boko a Nijar zai rubuta Ousmane, wanda ya saba da rubutun Najeriya ya rubuta Usman, wani kuma ya sa laƙabin da aka san mutumin da shi a kasuwa. Haka Aboubacar, Abubakar da Buba. Cikin wata uku sai a tarar mutum ɗaya yana da shafi uku, bashinsa a ɗaya, biyansa a wani.

Maganin shi ne lambar waya ta zama ita ce shaidar mutum, a kuma rubuta ta salo ɗaya: +227 sannan lambobi takwas ga na Nijar, +234 ga abokan cinikin Jibiya, Katsina ko Kano. Kafin a buɗe wa kowa sabon shafi, a fara neman lambarsa. Wanda ke da layi biyu, a sa duka a shafi ɗaya. Sau ɗaya a wata a zauna a haɗe shafukan da suka maimaitu. Aiki ne mai gundura, amma lissafin da aka gina a kan gurɓatattun bayanai ya fi rashin lissafi haɗari, domin maigida zai yarda da shi.

Yaran kanti su ne ƙashin bayan abin

Manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. Su kuwa masu rubutun, wato yaran kanti da masu zagayen talla, suna da dalilin yin ɗari-ɗari. Wani na ganin an kawo ta ne don a sa masa ido. Wani kuma ya san lambobin da ke wayarsa su ne jarinsa, ranar da zai buɗe nasa shagon da su zai fara.

Ba a warware wannan da tsawa. Abu na farko, kasuwar ta mallaki layinta na waya, duk ciniki ya bi ta kansa. WhatsApp na ba da damar haɗa layi ɗaya da wasu na'urori har huɗu, ke nan yara na iya amsa masu saye daga layin kanti ba tare da hira ta koma wayoyinsu na kansu ba. Na biyu, yaro ya ga ribarsa a ciki: idan ana ba da la'ada, a lissafa ta daga cinikin da aka rubuta da sunansa. Da zarar ya gane cewa abin da bai rubuta ba ba zai ci ladansa ba, ba sai an tuna masa ba.

Inda wasu yaran ba su iya rubutu sosai ba, a ɗora aikin a kan mutum ɗaya. Kowa ya riƙa turo masa saƙon murya bayan kowane ciniki, shi kuma ya shigar kafin a rufe kanti. Abin da aka bari sai gobe, rabinsa ya ɓace.

Shi ma maigida da nasa. Idan ya ci gaba da tambayar lissafi da baki, yana ƙulla ciniki a wayarsa ba ya rubutawa, yara za su gane cewa manhajar ado ce. Zaman minti 15 kowace Litinin, a buɗe ta gaban kowa a bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya fi kowane horo tasiri.

Ga ɗan ci-rani da ke Abijan, Akara, Aljeriya ko Faransa, wanda ya zuba jari ya damƙa wa ƙani ko aboki, nan ne manhajar ta fi daɗi, nan ne kuma ta fi ruɗi. Yana iya ganin cinikin ranar daga inda yake, ba sai ya yi ta kira ana cewa komai lafiya ba. Amma abin da aka shigar kaɗai yake gani. Sai ya riƙa gwada shi da abubuwa biyu da ba sa ƙarya: takardun shaidar kuɗin da suka shigo, da ƙidayar kayan da suka rage a sito. Yin hakan a ƙarshen kowane wata, bisa yarjejeniya tun farko, ya fi zargi bayan shekara, wanda kan raba zumunci.

Riba tana wurin wanda ya dawo

Tun a 1990, Frederick Reichheld da Earl Sasser suka wallafa nazarin da ya nuna cewa a kamfanonin da suka duba, rage masu gudu da kashi 5 cikin 100 kacal ya ƙara riba da kashi 25 zuwa 85 cikin 100. Dalilin a fili yake. Tsohon abokin ciniki ba ya buƙatar talla, ya san kaya, ba ya ja-in-ja da yawa, shi ke kawo ɗan'uwansa.

A nan manhajar ke nuna ƙarfinta, idan an haɗa ta da kalandar gida. Mai kayan sola ya san batir yana da iyakar shekarunsa, sai ya sa ta tuna masa ya kira wanda ya saya kafin batirin ya mutu ya tafi wani shago. Tela ko mai shadda ya fitar da sunayen waɗanda suka yi ɗinki a sallar bara, ya tuntuɓe su tun farkon azumi. Mai littattafai ya nemi makarantun da suka saya kafin komawa karatu a watan Oktoba. Mai fataucin albasar Galmi ya san wane dillali a Abijan ko Akara ya biya kan lokaci a bara, wane ne ya ja ƙafa.

Sai dai a tuna da tarko na huɗu. Saƙo ɗaya da aka tura wa mutum 200 kullum da safe ba kula da abokin ciniki ba ne. Shi kansa WhatsApp ya iyakance jerin aika saƙo ga mutum 256, kuma waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa kaɗai ke samu. Layin da mutane suka yi ta toshewa suna kai ƙararsa na iya fuskantar rufewa, a rasa shi da duk hirarrakin da ke cikinsa. Kira ɗaya da aka ambaci sunan mutum da abin da ya saya ya fi saƙo ɗari na gama-gari.

Lissafin kuɗin

Yawancin waɗannan manhajoji ana biyan su ne bisa kan kowane ma'aikaci, kowane wata. Farashin da ake gani a talla na mutum ɗaya ne. Idan, misali, kuɗin yuro 15 ne, da yake yuro ɗaya na daidai da sefa 655.957 ba ya motsi, ya kama kusan jaka 10. Mutum biyar, kusan jaka 50 a wata, abin da ya doshi jaka 600 a shekara. Wanda ake cajin sa da dalar Amurka kuwa, kuɗin na hawa da sauka da kasuwar canji. Ga kuɗin data, ga katin banki da ake biya da shi, ga lokacin da za a ɓata wajen koyo.

Saboda haka masu ƙaramin ƙarfi su fara da na kyauta. Zoho na ba da tsari kyauta ga mutum uku, HubSpot na da nasa, Odoo kuma na barin a yi amfani da sashe ɗaya na manhajojinsa ba tare da biya ba. Wanda abokan cinikinsa ba su wuce ɗari ba, alamomin WhatsApp Business da teburin Excel ko Google Sheets na iya wadatar da shi. Lokacin biya shi ne lokacin da na kyautar ta yi kaɗan.

Biyan shekara guda a dunƙule kan fi arha, amma ba a yin sa sai an gwada wata uku. Masu biya kuma su riƙa duba sunayen da ake cajin su a kai, domin ana iya ci gaba da biya wa ma'aikacin da ya bar aiki tun tuni ba a sani ba.

Wuta, rezo da sirrin mutane

Gajimare sai da intanet, intanet kuma sai da wuta. A farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, aka shafe watanni ana fama. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka kwana ba rezo na kirki.

Don haka kafin a zaɓi manhaja a gwada ta a waya, inda rezo ke da rauni, a ga ko tana buɗewa, ko kuma tana barin a rubuta abu ta aika daga baya. A tabbatar kuma ana iya sauke dukkan bayanai a fayil ɗaya. A riƙa yin hakan duk wata ana ajiyewa, sunayen masu bashi kuma a buga su a takarda. Manhajar da ba ta barin mutum ya fita da bayanansa ta riƙe masa wuya.

Sai batun amana. Lambar mutum, bashinsa da adireshin gidansa sirrinsa ne. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan sirrin jama'a. Tattara bayanan mutane ba da saninsu ba, ko miƙa su ga wani, na iya jawo wa ɗan kasuwa hukunci.

A 2025 wasu ƴan damfara sun kwashe bayanai daga rumbunan Salesforce na manyan kamfanoni, ciki har da Google. Ba fasa manhajar suka yi ba. Waya suka riƙa buga wa ma'aikata suna cewa su ne masu gyaran kwamfuta na kamfanin, har aka buɗe musu ƙofa. Darasin ya shafi ƙaramin kanti ma: kowa da kalmar sirrinsa, a kunna tsaron nan mai mataki biyu, kada a faɗa wa kowa lambar da ta shigo waya, yaro ya ga shafukan da suka shafi aikinsa kaɗai, wanda ya bar aiki kuma a rufe ƙofarsa ran nan. A shafin mutum a rubuta ciniki, a bar gulma.

Bayan wata uku

Hanyar gane ko kuɗin na dawowa ba ta da wuya. Ranar da aka fara, a rubuta abu uku a ajiye: yawan bashin da wa'adinsa ya wuce, mutum nawa cikin goma da suka tambayi farashi ke saye, da tsofaffin abokan ciniki nawa ke dawowa a wata. Bayan wata uku a sake aunawa.

Idan bashi ya ragu, masu dawowa sun ƙaru, kuma ƙarin ribar ta haura kuɗin haya, sai a ci gaba, a ƙara wani sashe. Idan ba abin da ya motsa, kafin a ɗora wa manhajar laifi a duba ranar ƙarshe da aka rubuta wani abu a cikinta, da kuma mutum nawa aka kira cikin waɗanda ta ce a kira. Idan an yi duka biyun ba a ga sauyi ba, a sauke bayanai, a dakatar da biya, a koma teburin Excel, jaka 50 ɗin nan ta shiga jari.